Hans Morgenthau: Lauyan da Ya Zama Malamin Dangantakar Ƙasashe

Sau da yawa ɗalibin da ya gama karatun shari'a yakan yi shawarar neman digiri na biyu a fannin dangantakar ƙasashe, amma ya tsaya yana shakka ko ilminsa na farko zai yi masa rana. Tarihin Hans Morgenthau ya isa ya amsa wannan tambaya.

An haife shi ran 17 ga Fabrairu, 1904, a garin Koburg na ƙasar Jamus, cikin iyalin Yahudawa, mahaifinsa kuwa likita ne. Ya karanta shari'a a jami'o'in Munik da Barlin da Farankfot. A 1929 ya fitar da kundinsa na digirin dakta a kan kotunan ƙasa da ƙasa da iyakar ikonsu. A ciki ya nuna cewa rigingimun ƙasashe iri biyu ne. Akwai wanda ya tsaya ga fassarar doka, wanda alƙali zai iya yanke shi. Akwai kuma wanda tushensa gasar iko ce, wanda ba ƙasar da za ta yarda ta miƙa shi ga alƙali.

Bayan ya yi aikin lauya a Farankfot, sai ya koma Janiba a 1932 yana koyar da shari'a. Da Hitler ya hau mulki a 1933, hanyar komawa gida ta toshe masa. Ya yi koyarwa a Madrid a 1935, yaƙin basasar Sifen ya raba shi da can a 1936, sa'an nan ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1937. A waɗannan shekaru ne Italiya ta mamaye Habasha, Ƙungiyar Ƙawancen Al'ummai ta kasa hana ta, alhali dokokinta sun haramta hakan. Wannan ya gaskata ra'ayinsa, watau doka ba ta tsayuwa sai da ƙarfin da zai tsayar da ita.

A 1943 ya kama aiki a Jami'ar Shikago, inda a 1948 ya wallafa littafinsa Politics Among Nations. Jigon littafin shi ne kowace ƙasa maslahar kanta take bi, ana kuwa auna maslahar da iko. Littafin ya daɗe yana kan gaba wajen koyar da fannin a jami'o'in Amurka.

Kada a ɗauka yaƙi yake so. Ya yi suka mai zafi ga shigar Amurka yaƙin Biyetnam, domin a ganinsa ba ta da maslaha a ciki, har gwamnati ta sallame shi daga aikin ba da shawara a 1965. Ya mutu a Niwyok ran 19 ga Yuli, 1980.

Ashe ke nan shari'a ce ta koya masa tantance hujja da karanta yarjejeniya, ita ce kuma ta nuna masa inda ikonta ya ƙare. Mai neman shiga wannan fanni daga shari'a, sai ya riƙe na farko da kyau, ya kuma shirya koyon tarihi da siyasa da tattalin arziki domin na biyu.