Tarihin Imamul Gazali: Yadda Gazawa Ta Zama Masa Ƙofar Buɗi

An haifi Hujjatul Islam, Abu Hamid Muhammad al-Gazali, Allah Ya ƙara masa yarda, a garin Ɗus na ƙasar Khurasan, cikin Iran ta yau, a shekara ta 450 bayan Hijira. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, ya bar shi da ɗan'uwansa Ahmad a hannun wani amininsa sufi.

Darasin farko ya same shi yana ɗalibi. Yana komowa gida daga karatu a Jurjan, sai ƴan fashi suka tare ayarinsu, suka ƙwace har jakar takardunsa. Ya bi shugabansu yana roƙon a mayar masa da ita, domin iliminsa duka yana ciki. Ɓarawon ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilimin da ake iya ƙwacewa a hanya bai zama na mai shi ba tukuna. Gazali ya ɗauki maganar a matsayin faɗakarwa daga Allah, ya yi shekara 3 yana hardace abin da ya rubuta.

Daga nan ya tafi Naisabur wajen Imamul Haramaini al-Juwaini, ya yi zarra. A shekara ta 484 waziri Nizamul Mulk ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 suna zama gabansa, sarakuna suna neman shawararsa.

A nan babbar jarrabawa ta zo. Ya binciki niyyarsa, ya tarar son girma da suna ne ke tafiyar da karatun. Ya yi wata 6 yana kai-kawo tsakanin barin muƙamin da riƙe shi, har a shekara ta 488 harshensa ya ɗaure, ya kasa furta ko kalma ɗaya a majalisin darasi, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake.

Bai ɗora laifin a kan mahassada ba, kansa ya tuhuma. Ya bar wa Ahmad kujerar, ya rabar da dukiyarsa sai abin da iyali za su ci, ya nufi Dimashƙa. Can ya riƙa kulle kansa a hasumiyar babban masallaci yana halwa da zikiri. Ya ziyarci Baitul Maƙdis, kuma a kabarin Annabi Ibrahim (AS) ya yi alkawarin daina karɓar kyautar sarakuna da shiga jayayyar ilimi. Ya yi aikin Hajji, kuma a cikin waɗannan shekaru ya wallafa Ihya'u Ulumiddin.

A shekara ta 499 ya koma koyarwa a Naisabur, wannan karon yana kiran mutane zuwa ga ilimin da ke kashe son girma. Daga baya ya zauna a Ɗus, ya buɗe makaranta da zawiya kusa da gidansa, yana karantar da ɗalibai, yana tarbiyyar muridai, har ya rasu a shekara ta 505.

Duk wanda aka ɗora wa jagorancin ƴan'uwa, muƙaddami ne ko limami, in ya yi tuntuɓe, ya fara da binciken niyyarsa kamar yadda Gazali ya yi, ya gyara, sannan ya koma bakin hidima. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya amfanar da al'umma da iliminsa, amin.