DOKTA ALDRED WARTHIN, LIKITAN DA YA SAURARI MAƊINKIYA

A cikin jerin tarihin manyan mutane da mu ke kawo wa masu karatu, yau mun zo kan wani likitan Amurka, Dokta Aldred Scott Warthin, wanda ya na cikin na farko da su ka nuna da hujja cewa akwai ciwon daji da a ke gado.

An haife shi a garin Greensburg, cikin jihar Indiyana, a shekarar 1866. Da fari kiɗa ya koya, har ya sami takardar shaida a Cincinnati, sa'an nan ya juya ga aikin likita. Ya gama karatun likita a Jami'ar Mishigan a 1891, ya ƙaro ilmi a Ostiriya da Jamus, ya komo. Fanninsa shi ne binciken asalin cuta, watau duba naman jiki da madubin likita don a gane abin da ya lalata shi. A 1903 a ka naɗa shi shugaban ɗakin wannan bincike, ya riƙe shi har ƙarshen ransa.

A shekarar 1895 ne ya lura da wata mata da ke yi wa gidansa ɗinki ta na cikin baƙin ciki. Da ya tambayi dalili, ta bayyana masa cewa ciwon daji na hanji, da na ciki, da na mahaifa ya cinye danginta da yawa, ita ma ta tabbata shi ne ajalinta. A wannan zamani likitoci da dama ba su yarda ana gadon wannan cuta ba. Da wani ne sai ya ba ta haƙuri ya sallame ta. Shi kuwa ya ɗauko takarda da alƙalami, su ka bi salsalar gidan tun daga kakansu da ya taso daga Jamus, ana rubuta wa ya haifi wa, wace cuta ta kama shi, ya na da shekara nawa ya rasu. Abin da ta ji tsoro kuwa ya auku, gama ciwon daji na mahaifa ne ya yi sanadinta.

Bai yi gaggawar shela ba. Shekara 18 ya yi ya na tara shaida, ya na gwada ta da littattafan asibiti, kafin ya buga sakamakon a 1913. Don tsare mutuncin mutanen ya sakaya sunansu, ya kira su Zuriyar G. Ya nuna cewa cutar na bin gidan ɗaka bayan ɗaka, kuma ta na kama su tun ba su tsufa ba. Ya sake rubutu a kansu a 1925, ya rasu a watan Mayu na 1931.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Ya goyi bayan ra'ayin nan da ya bazu a zamaninsa, na cewa a hana waɗanda a ke ganin jininsu na da illa haihuwa. Wannan ra'ayi ɓata ne, ya jawo zalunci mai yawa, masana kuma sun yi watsi da shi.

Amma rubutunsa ya fi ra'ayinsa tsawon rai. Abokan aikinsa su ka ci gaba da lissafin a 1936. Bayan shekaru, wani likita mai suna Henry Lynch, wanda ya ba da labarin waɗansu gidaje biyu masu irin wannan hali a 1966, ya karɓi tsofaffin takardun, ya bi sawun jikokin, ya buga abin da ya samu a 1971. Saboda haka a ke kiran cutar da sunan Lynch.

Asirin bai tonu ba sai daga 1993. Ga yadda ya ke. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun gadon da ke cikinta. Akwai waɗansu ƙwayoyin gado da aikinsu ya yi kama da na babban akawu mai duba kwafi, ya na gyara kurakurai. Idan mutum ya gaji ɗaya daga cikinsu da naƙasa, gyaran na iya tsayawa, kurakurai su taru, har tsiro ya fito a hanji ko mahaifa. Kowane ɗa na mai wannan naƙasa, ko dai ya gada ko ya tsira, rabi da rabi ne. A shekarar 2000 a ka gano naƙasar Zuriyar G a ƙwayar gado mai suna MSH2, shekara 105 bayan maganar maɗinkiyar.

Amfanin wannan a fili ya ke. Kimanin uku cikin ɗari na masu ciwon daji na babban hanji ta wannan gado su ka same shi. Yanzu ana iya gane magajin ta gwajin jini, a riƙa leƙa hanjinsa da na'ura bayan shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro tun bai rikiɗa ba.

To, malamai da akawuna, mu lura. Warthin bai ga ƙwayar gado da idonsa ba, bai kuma warkar da maɗinkiyar ba. Abin da ya yi shi ne bai raina maganar talaka ba, ya rubuta ta daidai, ya adana. Wanda ya ga ciwon daji ya maimaita a gidansu, musamman ga masu ƙuruciya, ya rubuta sunaye da shekaru, ya kai wa likita.