Ibnul Haisam: malamin da ya auna haske bayan Nilu ya gagare shi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci duhu da haske, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya zaga ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu da daddare zai ga cewa fitilar ƙwai da aci-balbal sun kusa zama tarihi. Masallatai da makarantun allo sun koma ga ƙananan fitilun nan da ake kira LED, masu cin wuta kaɗan, waɗanda faifan sola guda da batir ke riƙe su har asuba. Ɗalibanmu da yawa sun ɗauka cewa ilimin da ke cikin waɗannan fitilu baƙo ne gare mu tun daga tushe. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wani malami Musulmi wanda ya yi kusan shekara dubu da rasuwa, wanda kuma har yau masu ƙera gilashi da murfin fitila a kan ƙa'idojin da ya tantance suke aiki. Labarinsa ya shafe mu ta wata fuska ta biyu, domin ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidajenmu shi ne ya kusa jawo masa rasa ransa.

Sunansa Abu Ali al-Hasan ɗan al-Hasan ɗan al-Haisam. An haife shi a Basra, cikin Iraƙi, wajen shekara ta 354 bayan Hijira, wato 965 miladiyya. A zamaninsa an riga an gama fassara manyan littattafan Yunanawa zuwa Larabci, don haka ya tashi ya tarar da littafin Uƙlidis na lissafin siffofi, da na Baɗlimus na ilimin taurari, da na Jalinus na likitanci, ya karance su karatun ƙwaƙƙwafi. Sunansa ya fita a fagen lissafi da handasa tun yana Iraƙi.

A lokacin, Masar tana hannun Faɗimawa, kuma mai mulkinta shi ne al-Hakim bi Amrillah, wanda ya hau gado a 996. Mutum ne mai son ilimi, shi ya kafa Darul Ilmi a Alƙahira a 1005. Amma kuma mutum ne da ba a cin tuwo da shi a kwana lafiya: ya kashe manyan ma'aikatansa da dama, ya kafa dokoki masu ban mamaki, har miyar lalo, mulukiyyar nan da muke ci kullum, sai da ya haramta wa mutane.

Ibnul Ƙifɗi, mai tarihin masana wanda ya rasu a 1248, ya ruwaito cewa labari ya kai wa al-Hakim cewa akwai wani masani a Basra da ke cewa da zai je Masar, da ya yi wa Nilu aikin da za a amfana da shi ko ruwa ya yi yawa ko ya yi ƙaranci. Wanda ya san Masar ya san nauyin wannan magana. Ƙasa ce da ruwan sama bai riƙe ta ba. A wancan zamani, idan ambaliya ta gaza a shiga yunwa, idan ta wuce kima ta cinye gonaki da gidaje. Mafi yawan ruwan wannan ambaliya kuwa daga duwatsun Habasha yake gangarowa, ya biyo ta Shuɗin Nilu, ya wuce Rusairis da Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani, kafin ya haɗu da Farin Nilu a Khartum.

Al-Hakim ya aika masa da kuɗi da gayyata, da ya iso kuma ya fita bayan gari da kansa ya tarbe shi. Aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nausa kudu suna bin kogi. A hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen farko, manyan duwatsun da aka sassaƙa aka jera da lissafi mai ban tsoro, sai jikinsa ya fara yin sanyi, yana tunanin cewa masu wannan ƙwarewa da abin mai yiwuwa ne da ba su bar shi ba. Da ya isa wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa ke ratsa duwatsu, ya duba ta wannan gaɓa ya duba ta waccan, ya tabbatar cewa abin da ya zana a Basra ba zai tsayu a nan ba. Sai ya juyo ya gaya wa sarki gaskiya.

A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya. Da wani ne, da ya fara haƙa da tara duwatsu, ya ci gaba da karɓar kuɗin baitulmali shekara da shekaru, ya bar wa na baya su gano cewa aikin banza ne. Mun sha ganin irin wannan a ayyukan gwamnatoci, har ma a ginin masallatai. Shi kuwa ya zaɓi kunyar rana ɗaya a gaban mai mulkin da ke yanke kai a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma lissafinsa daidai ne, domin ba a iya datse Nilu a Aswan ba sai a 1902, babbar madatsar kuma sai a 1970, da injuna da siminti da ƙarfe. Tamu ta Sinnar, wadda ta shayar da gonakin audugar Jazira inda iyayenmu da yawa suka yi aiki bayan hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, a 1925 aka gama ta, ta Rusairis kuma a 1966.

Al-Hakim ya nuna kamar ya karɓi uzurinsa, ya ba shi wani muƙami a ofisoshin gwamnati. Ibnul Haisam ya ga cewa zama kusa da wannan sarki zama ne a bakin rijiya, sai ya nuna kamar ya taɓu. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida, aka sa masu lura da shi. Haka ya zauna har al-Hakim ya ɓace a shekara ta 411 bayan Hijira, wato 1021, sannan ya bayyana cewa hankalinsa ƙalau yake, aka mayar masa da kayansa. Baihaƙi ya kawo wata ruwaya dabam, cewa Sham ya gudu bayan sarki ya ƙi shirinsa, amma ta Ibnul Ƙifɗi ita ta fi yaɗuwa. Ba mu ga abin zargi a dabarar da ya yi ba, domin malamai sun yi sauƙi ga wanda ke tsoron kisa, matuƙar bai cutar da wani ba.

Bayan wannan bai sake neman muƙami ba. Ya zauna a wata ƙubba kusa da ƙofar masallacin Azhar, yana ci da alƙalaminsa. An ruwaito cewa duk shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis da Majisɗi na Baɗlimus da littattafan da ake karantawa tsakaninsu, a saye su a hannunsa dinari 150, shi ne abincinsa na shekara. Sauran lokacinsa na bincike ne da rubutu.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manazir, mai maƙala bakwai. Tambayar da ya fara da ita ita ce yaya ido yake gani. Uƙlidis da Baɗlimus, da al-Kindi a cikin Musulmi, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya rushe wannan da hujjojin da kowa zai iya gwadawa. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, wanda ya ƙura wa wuta ido sannan ya juya ga duhu zai ci gaba da ganin alamarta na ɗan lokaci. Wannan yana nuna cewa wani abu ne ke shigowa ido daga waje ya yi masa tasiri. Ya tabbatar cewa haske yana tashi daga kowane ɗigo na abu mai haske, ko wanda aka haska, ya bazu ta kowace fuska a kan miƙaƙƙun layuka.

Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne bai yarda da magana don girman mai ita ba, sai ya gwada, kuma yakan kira gwajin da i'itibari. Yakan bayyana kayan aikin da yadda za a haɗa su, don mai karatu ya maimaita da hannunsa. Ga ɗaya da ɗalibanmu za su iya yi yau da dare. A jera fitilu uku ko huɗu a wajen ɗaki mai duhu, a bar ƙaramin huji guda a ƙofa. A bangon da ke fuskantar hujin za a ga ɗigon haske adadin fitilun, kowanne a ɓangaren da ke kishiyar fitilarsa. A rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai zai ɓace. Ke nan haskokin sun ratsa huji ɗaya ba su cakuɗe ba, kowanne ya bi layinsa. Wannan ɗaki mai duhu shi ne kakan kyamarar da ke cikin wayoyinmu. Har littafi ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da Baɗlimus, mutumin da yake kwafar littafinsa don ya ci abinci.

Maƙala ta huɗu zuwa ta shida a kan madubi suke. Ya ƙera abin awo mai ma'aunin kusurwa, ya gwada madubai iri bakwai, shimfiɗaɗɗe da masu doro da masu zurfi, ya nuna cewa haske yana barin madubi da kusurwa daidai da wadda ya faɗo da ita. Maƙala ta bakwai kuma a kan karyewar haske ce idan ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, abin da masuntanmu ke gani kullum idan sandar tuƙa kwale-kwale ta yi kamar ta karye a cikin ruwa. Adalci ne mu ambaci cewa Ibnu Sahal na Bagadaza ya riga shi rubutu a kan wannan wajen 984. Ibnul Haisam yana da wasu risaloli dabam a kan madubai masu ƙonawa, inda ya kawo hujjar lissafi cewa madubi mai siffar kwanon dish ɗin talabijin yana tara hasken rana a ɗigo ɗaya, da wata risala a kan dunƙulen gilashi mai yin irin wannan aiki.

Yanzu a ɗauko tocila a leƙa cikinta. Kwanon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwan shi ne wancan madubi, an juya aikinsa: maimakon ya tara hasken da ya zo daga nesa, yana ɗaukar hasken ɗigo ɗaya ya tura shi nesa. Abin da ke ba da haske a fitilar LED ɗan ƙaramin abu ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, haskensa kuma mai kaifi ne ƙwarai. Idan an bar shi tsirara yana kashe ido, yana yin inuwa mai kauri, rabin hasken ya tafi inda ba a bukata. Don haka ake ɗora masa gilashi ko roba mai doro da zai karya hasken ya shimfiɗa shi a kan titi ko farfajiya, ko a rufe shi da farin murfi da zai warwatsa shi ya yi laushi a cikin ɗaki. Masanan Japan uku da suka samar da shuɗiyar LED, wadda daga ita aka samu farar, sun karɓi kyautar Nobel a 2014, amma sarrafa hasken bayan ya fito yana kan waɗancan ƙa'idoji biyu ne, na madubi da na karyewa. Muna ganin wasu ladanai da masu kula da makarantu suna ɓalle farin murfin don wai a ƙara haske. Abin da ake samu shi ne yaro ya ɗago kai daga allo ya ga walƙiya, idonsa ya gaji kafin ya kai ƙarshen karatunsa. Gara a bar murfin, a ɗaga fitilar sama da kai, a shafa wa bango farar ƙasa don ya dawo da hasken. Masu tafsiri ma, da suka zo kan misalin fitila a Suratun Nur, sun bayyana cewa alkukin bango marar ƙofa ta baya ya fi tara haske, gilashi mai tsabta kuma ya fi fito da shi.

Ba komai ya dace a kai ba. Ya ɗauka cewa sashen ido mai karɓar sura shi ne ɗan dunƙulen nan mai kama da ƙanƙara da ke gaba, sai a 1604 Kepler na Jamus ya nuna cewa surar tana sauka ne a bangon ido na can ciki, kuma a kife. Amma Kepler ta hanyar da Ibnul Haisam ya share ya bi. An fassara Kitabul Manazir zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13, Turawa suka san shi da Alhazen, Roger Bacon na Ingila da Witelo suka gina a kansa, aka buga shi a Basel a 1572. A ƙasashen Musulmi littafin ya daɗe ba mai ɗaga shi, har Kamaluddin al-Farisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir a Tabriz, ya kuma cika dunƙulen gilashi da ruwa ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa. A zamaninmu Mustafa Nazif na Masar ya rubuta mujalladi biyu a kansa a 1942 da 1943, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske.

Rubuce-rubucensa da suka iso gare mu sun haura 50, a lissafi da taurari da haske. A cikinsu akwai risala a kan hasken wata, da wata a kan siffar kusufin rana, da wata a kan fitar da alƙibla ta hanyar lissafi. Ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 430 bayan Hijira ko jim kaɗan bayanta, wato kusan 1040, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa.