Aina Onabolu: akawun da ya koya wa kansa zanen fuskar mutum

'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Legas, ga tarihin wani mutumin can da ya kamata ku sani. An haifi Aina Onabolu a garin Ijebu-Ode, ƙasar Yarabawa, a shekarar 1882. A zamanin nan Turawan mulkin mallaka suna ganin baƙar fata sassaƙa kawai ya iya, ba zai iya zana mutum har kamanninsa su fito ba. Babu makarantar da ke koyar da wannan sana'a a Najeriya.

Tun yana yaro Onabolu ya riƙa kwaikwayon hotunan da ke cikin littattafai da jaridun Turai, ba malami, ba mai gyara masa. Da ya girma ya kama aikin akawu a Legas, in ya tashi aiki ya koma kan zane. A 1906 ya zana matar Spencer Savage, hoton da har yau ake ambatonsa.

Zane da fentin mai aikin haƙuri ne. Mai zane yakan fara fitar da surar fuska a kan ƙyalle, ya auna tsakanin ido da hanci da baki. Sannan ya shimfiɗa launi mai duhu wajen inuwa, daga baya ya ɗora mai haske. Fentin yakan yi kwanaki kafin ya bushe, mai gaggawa kuwa sai ya ɓata aikinsa. Da haka Onabolu ya zana likitoci da lauyoyi da manyan matan Legas cikin shigarsu ta mutunci.

Amma gwaninta ba takarda ba ta buɗe masa ƙofar makarantun gwamnati yadda yake so. A 1920, yana da shekara 38, ya tafi karatu Landan da Paris, ya dawo a 1922 da takardar shaida. Ya koyar a makarantun Legas, ya matsa wa hukuma sai da aka sa zane cikin darussa, aka kawo malami Kenneth Murray a 1927.

Ya rasu a 1963. Yau ana kiransa uban zanen zamani na Najeriya. Uwar gida, in kin ga yaronki yana zane a bayan kwalin kaya, kada ki yi saurin ƙwace alƙalamin.