Emma Turner: Matar Da Hotonta Ya Tabbatar Da Dawowar Tsuntsun Da Aka Fidda Rai Da Shi

A watan Yulin 1911, wata mata mai shekara 44 ta shafe sa'o'i tana kutsawa cikin ruwa da dogayen kyauro a wata fadama kusa da tafkin Sutton, a gundumar Norfolk da ke gabashin Ingila. Tare da ita akwai Jim Vincent, mai gadin gandun farauta na Hickling. Wani tsuntsu suke nema, dangin zalɓe, mai launin busasshiyar ciyawa, wanda Turawa ke kira bitan. Rabon da a sami shaidar ƙyanƙyasarsa a Birtaniya tun 1886. Da suka iske ɗansa wanda bai kai ga tashi ba, sai matar ta ɗauke shi hoto. Sunanta Emma Louisa Turner, kuma wannan hoto shi ne hujja ta farko da ta nuna cewa bitan ya dawo yana hayayyafa a ƙasar.

Muhimmancin abin yana cikin al'adar wancan zamani. Idan mutum ya ce ya ga baƙon tsuntsu, masana ba su cika gaskata shi ba sai ya kawo gawarsa. Masu hannu da shuni suna biyan kuɗi a harbo musu tsuntsayen da suka yi ƙaranci, a cusa wa fatarsu auduga, a jera su cikin akwatunan gilashi. Wasu kuma ƙwai suke tarawa, duk ƙwan da ya fi wuyar samu shi ya fi tsada. Wannan sha'awa, haɗe da janye ruwan fadamu don a mai da su gonaki, ita ta kori bitan daga Ingila. Turner tana cikin waɗanda suka nuna cewa ana iya kafa hujjar kimiyya alhali tsuntsun yana raye a sheƙarsa.

Rayuwar da ta soma a makare

An haife ta ranar 9 ga Yunin 1867 a ƙauyen Langton Green, kusa da garin Tunbridge Wells a gundumar Kent. Ita ce auta a cikin 'ya'ya huɗu, mahaifinta kuwa mai kanti ne. Mahaifiyarta ta rasu a 1880, lokacin tana da shekara 13. Kamar ɗimbin matan zamaninta da ba su yi aure ba, ƙuruciyarta ta ƙare ne a hidimar gida: kula da mahaifi, da jinyar marasa lafiya, da renon 'ya'yan ɗan'uwanta. Ba ta shiga jami'a ba. Ko da ma ta shiga, jami'ar Kambirij da ke garin da ta ƙare rayuwarta ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948.

Ta haura shekara 30 kafin ta riƙi kyamara da niyyar aiki. Haɗuwarta da Richard Kearton, wanda shi da ƙanensa Cherry suke cikin majagaban ɗaukar hoton namun daji, ita ta karkatar da hankalinta ga tsuntsaye. A 1901 ta shiga Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto ta Masarautar Birtaniya, kuma bayan 'yan shekaru kaɗan ta fara gabatar da laccoci tana haska hotunanta a bango. A Norfolk, inda ta san wani limamin coci mai nazarin tsuntsaye, Maurice Bird, ta sami wurin da sunanta zai ɗore.

Zama a kan ruwa

Yankin da ake kira Broads jerin tafkuna ne marasa zurfi da koguna da fadamun kyauro. Sai a shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta gano cewa tafkunan ramuka ne da mutanen da suka haƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna ɗibar baƙar ƙasar ruɓaɓɓun tsirrai da suke ƙonawa a madadin itace, daga baya ruwa ya cike su. Hickling shi ne mafi girma a cikinsu. A can Turner ta sa aka ƙera mata jirgin kwana bisa fasalin da ta zana da kanta, aka saka shi a ruwa a 1905. Ta raɗa masa suna Water Rail, sunan tsuntsun da ta fara ɗauka a yankin. A wani ɗan tsibiri kuma tana da bukka, inda take wanke hotuna. Kimanin shekara ashirin tana yin wani sashe na kowace shekara a wannan wuri, har da lokutan hunturu.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Kyamarar lokacin akwati ce mai nauyi a kan ƙafafu uku, kuma kowane hoto farantin gilashi guda yake ci. In tsuntsu ya motsa a daidai lokacin ɗauka, farantin ya tafi a banza. Tilas mai ɗauka ya matso daf da sheƙa ba tare da an gan shi ba. A farkon al'amari Turner kwanciya take yi a ƙasa a lulluɓe ta da ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama, ta yi sa'o'i ba motsi, cikin danshi da cizon ƙwari, har tsuntsaye su riƙa tafiya a kanta. Daga baya ta koma amfani da ƙaramin tanti na ɓuya.

Wannan doguwar kwanciya ita ta mai da ita masaniya. Wanda ya harbi tsuntsu ya san tsawon fiffikensa da launin gashinsa. Wadda ta kwana uku tana kallon sheƙa ta san yadda iyaye ke karɓa-karɓa wajen kwanci, da abin da suke ciyar da 'ya'ya, da yadda suke yi in sun ji motsin maƙiyi. Abin da ta riƙa rubutawa ke nan a mujallar British Birds, kuma tana cikin mutanen farko da suka shiga shirin sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa da mujallar ta ƙaddamar a 1909 don bin diddigin ƙaurarsu.

Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Alfred Nudd, mutumin fadamar, shi ke tuƙa mata kwalekwale yana taya ta neman sheƙa, Jim Vincent kuwa ya san lungunan kyauron tun yana yaro. Ilimin talakawan da ke rayuwa da yankan kyauro da kamun kifi shi ya kai kyamararta inda ya kamata. A daidai wannan lokaci wasu manyan 'yan siyasa, ciki har da Edwin Montagu da Edward Grey, sakataren harkokin wajen Birtaniya, suka karɓi wani sashe na Hickling suka mai da shi wurin kare tsuntsaye, Vincent na kula da shi.

Abin da hoton ya jawo

Bitan tsuntsu ne mai wuyar gani. In ya ji motsi sai ya miƙe wuya, ya ɗaga baki sama, ya saje da kyauro. Abin da ke tona asirinsa shi ne kukan namijin, mai zurfi kamar an hura bakin tulu, wanda ake jiyowa daga nisan kilomitoci. Jin kuka bai isa shaidar hayayyafa ba, domin baƙo mai wucewa ma yana iya yi. Gani ya kori ji: hoton ɗan tsuntsu a cikin kyauron Norfolk ya rufe gardama. Ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta ba Turner lambar zinariya, shi kuma Vincent ya sami tasa daga ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda mata ne suka assasa ta a 1889 don yaƙi da kashe tsuntsaye saboda gashin ado a hulunan mata.

Ta kuma ɗauki hoton sheƙar wani tsuntsun fadama da ake kira raf, wanda rabon da a ga ya yi sheƙa a Norfolk tun 1890. Wannan jinsi yana cikin masu zuwa cin rani Afirka ta Yamma idan sanyi ya sauka a Turai, kuma ana ganin garkunansa a dausayin Haɗejiya da Nguru.

Ƙofofin da aka daɗe da rufe wa mata suka fara buɗuwa. A ƙarshen 1904 tana cikin rukunin farko na matan da Ƙungiyar Linnean ta Landan ta karɓa, ƙungiyar nazarin halittu da aka kafa tun 1788. Tana kuma cikin matan farko da ƙungiyar masana tsuntsaye ta Birtaniya ta ba wakilcin girmamawa. Ƙungiyar mata masu digiri ma ta karrama ta duk da ba ta da shi. Duk wannan ya fara ne alhali matan ƙasar ba su da ƙuri'ar zaɓen majalisa: wasu sun samu a 1918, daidaito da maza kuwa sai 1928.

Gadin tsibiri

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin sa kai a matsayin mai dafa abinci a wani asibitin sojoji da ke Kent. Bayan yaƙi, a 1923, hukumar National Trust ta mallaki Scolt Head, tsibirin yashi da tsakuwa da fadamar ruwan gishiri a gaɓar arewacin Norfolk. Tsuntsayen teku da ake kira tan, farare masu baƙin kai, suna zuba ƙwai a can a fili kan tsakuwa, inda ɓarawon ƙwai ko ɗan yawon buɗe ido zai iya lalata kwancin shekara guda a yini ɗaya. Ana neman mai gadi, Turner ta miƙa kanta. A 1924, tana dab da cika shekara 57, ta zama mai gadin tsibirin ta farko.

Ta zauna a bukkar katako tare da karnukanta, tana ƙirga sheƙa, tana tare baƙi, tana rubuta ƙaurar tsuntsayen da ke ratsa gaɓar. Jaridun Landan suka mai da ita labarin mace mai zaman kaɗaici, abin da ya ɓata mata rai, domin sun bar aikin sun kama jinsinta. Tsuntsayen da ta tsare kuwa, da yawansu a gaɓar Senegal da Gana suke cin rani. Kariyar da ta yi musu da ido da ƙafa sai a 1954 doka ta ƙarfafa ta, lokacin da majalisa ta haramta ɗibar ƙwan tsuntsayen daji, in ban da 'yan kaɗan.

Littattafanta sun haɗa da Broadland Birds na 1924, da Birdwatching on Scolt Head na 1928, da Every Garden a Bird Sanctuary na 1935, wanda ke jan hankalin mai gida ya mai da lambunsa mafakar tsuntsaye. A shekarunta na ƙarshe a Kambirij ta duƙufa ga lambunta. Shekara biyu kafin rasuwarta idanunta suka rufe, aikin yanar ido da aka yi mata bai yi nasara ba. Ta rasu ranar 13 ga Agustan 1940, tana da shekara 73.

Bayan rasuwarta

Hoton 1911 ya tabbatar da dawowar bitan, amma bai ba shi tabbacin zama ba. Yawansa ya ƙaru zuwa tsakiyar ƙarnin, sannan ya sake faɗuwa yayin da fadamun kyauro suka riƙa bushewa, ruwansu na gurɓata. A 1997 maza 11 kacal aka ji kukansu a duk Birtaniya. Sai da aka kashe kuɗi, aka ɗaga matakin ruwa, aka dasa sababbin fadamu, kafin adadin ya haura 200 a 'yan shekarun nan. Tarihin tsuntsun ya nuna cewa shaida tana buɗe ido, amma kasafin kuɗi da doka da mai gadi su ke riƙe fadama.

Farantan gilashin da Turner ta bar wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta BTO sun daɗe ana zaton sun ɓata, kafin a gano su cikin kwali a hedikwatar cibiyar da ke Thetford. A 2020 James Parry da Jeremy Greenwood suka wallafa tarihin rayuwarta. Hickling a yau gandun kare halittu ne a hannun Norfolk Wildlife Trust, a cikin yankin Broads da ya sami matsayi irin na gandun ƙasa a 1989. Masu ɗaukar hoto suna zuwa da kyamarori masu ɗaukar hotuna da dama a cikin daƙiƙa ɗaya, su zauna a rumfunan ɓuya suna jiran bitan ya leƙo. Ɗan tsibirin da bukkarta ta tsaya a kai har yanzu da sunanta ake kiransa.