Hiram Bingham da Kufan Macu Picu

A Amurka ta Kudu akwai wata ƙasa da ake kira Peru. Ƙasa ce mai manyan duwatsu, waɗanda ake ce da su Andis. Waɗansunsu, saboda tsananin tsawo, ƙanƙara ba ta narkewa a ƙwanƙolinsu rani da damina. Can a tsakanin duwatsun nan akwai kufan wani tsohon gari, sunansa Macu Picu. Mutumin da ya bazu da labarin garin nan cikin duniya shi ne Hiram Bingham. Amma manomi ne ya nuna masa hanya, wani ƙaramin yaro kuma ya shiga da shi har cikin garin.

An haifi Bingham ran 19 ga watan Nuwamba, shekara ta 1875, a Honolulu, cikin tsibiran Hawai. Ubansa da kakansa duka masu wa'azin addinin Kirista ne. Gidansu ba gidan wadata ba ne, kuma an rene shi da horo mai tsanani. Tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar karatun labarun matafiya. Yana ɗan shekara goma sha biyu har ya yi niyyar gudu daga gida cikin jirgin ruwa, amma jirgin ya yi jinkirin tashi, asiri ya tonu, aka komo da shi.

Da ya girma aka aika da shi Amurka neman ilmi. Ya gama Jami'ar Yale cikin 1898, ya ƙara karatu a Harvard, ya sami digirin dakta cikin 1905. Ba da daɗewa ba Yale ta ɗauke shi ya zama malami mai koyar da tarihin Amurka ta Kudu. Dogon mutum ne ƙwarai, tsawonsa ƙafa shida da inci huɗu, ga shi da jimirin tafiya. Matarsa kuwa 'yar gidan attajirai ce, saboda haka guzurin tafiya bai cika yi masa wuya ba.

Kafin a bi shi cikin duwatsu, ya kamata a san mutanen da suka gina garin. Sunansu Inka. Babban birninsu Kusko, harshensu kuwa Kecuwa, har yanzu ma miliyoyin mutane na magana da shi. Ba su san ƙarfe ba, ba su da doki, ba su da keke. Dabbar da ke ɗaukar musu kaya ita ce lama, mai kama da ɗan raƙumi marar tozo. Ba su da rubutu, sai dai su ƙuƙƙulla igiyoyi don ajiye lissafi. Duk da haka suka shimfiɗa hanyoyi na dubban mil bisa duwatsu, suka sassare gangaren dutse suka mai da shi gonaki hawa hawa kamar matakala, suna noman masara da dankali. Dankalin Turawa ma asalinsa daga duwatsun nan ne.

Cikin 1532 Turawan Sifen suka zo da bindigogi da dawakai, shugabansu Pizarro. Suka kama Sarki Atahualpa, suka karɓi zinariya da azurfa fansarsa, sa'an nan suka kashe shi. Wani sarki mai suna Manko ya ƙi bin su, ya gudu da jama'arsa cikin kurmi, suka kafa gari a Bilkabamba. Daga can suka yi ta ja da Turawa har 1572, sa'ad da aka ci garin. Daji ya rufe shi, sannu a hankali har aka manta inda yake.

Cikin watan Fabrairu na 1909 Bingham yana ratsa Peru bisa alfadari, sai wani hakimin lardi ya matsa masa ya je ya ga wani kufai da ake kira Cokekirau. Lokacin damina ne a can. Suka yi kwanaki suna tafiya cikin ruwa da santsi, suka gangara wani kwazazzabo mai zurfin gaske, suka haye Kogin Apurimak bisa wata 'yar gada mai rawa, kana suka hau dutsen da ke ƙetare, wani wuri har da rarrafe. Mutanen wurin suna tsammani nan ne garin Manko. Bingham ya auna gine-ginen, ya ɗauki hotonsu. Daga baya wani masanin tarihi a Lima ya nuna masa ba shi ne ba. Tun daga ran nan zuciyarsa ta ɗamfaru da neman Bilkabamba.

Cikin 1911 ya komo Peru da ƙungiya ta mutum bakwai, har da shi. A cikinsu akwai likita, da mai auna ƙasa, da masanin ƙwari da itatuwa. Da suka isa Kusko, Bingham bai bar kowa ba da tambaya, daga manyan malamai har masu alfadarai. Shugaban jami'ar birnin ya ba shi labarin wani manomi a kwarin Urubamba wanda ya ce akwai tsofaffin gine-gine bisa dutsen da ke kusa da gidansa. Ashe gaskiyar masu iya magana, matambayi ba ya ɓata.

Ran 19 ga watan Yuli suka ɗaure wa alfadarai kaya suka tashi. Gwamnati ta haɗa su da wani soja, Saje Carrasco, wanda ke jin Kecuwa, domin Bingham ba ya ji. Suka bi gaɓar Kogin Urubamba zango zango. Da fari suna ratsa gonakin masara da ƙauyuka. Bayan sun wuce Ollantaytambo sai kwarin ya tsuke, duwatsu suka miƙe sama dama da hagu kamar bango, kogin yana ta ruri a ƙasa. Sanyi ya ragu, kurmi ya yi duhu. Ran 23 ga wata suka yada zango a wani ɗan fili da ake kira Mandor Pampa. Nan ne gidan manomin, sunansa Melchor Arteaga. Ta bakin saje ya gaya musu lalle akwai gine-gine a sama, tsakanin duwatsu biyu. Sunan babban dutsen Macu Picu, watau tsohon dutse da harshen Kecuwa.

Gari ya waye da sanyi da yayyafi. Arteaga ba ya son fita daga bukkarsa, sai da Bingham ya yi masa alkawarin sol ɗaya na azurfa, kuɗin da ya fi ladan ƙodagon yini uku a can. Abokan tafiya kuwa ba wanda ya ga amfanin wahalar. Masanin ƙwari ya ce zai tsaya kamun malam-buɗe-littafi a bakin kogi, likita kuma ya ce yana da wanki. Saboda haka mutum uku kaɗai suka tashi da hantsi: Arteaga a gaba, Bingham da saje a baya.

Abin da ya fara tare su shi ne kogin. Ba wata gada sai kadarko na 'yan gumaguman itace da aka ɗaure da kurangar daji, aka ɗora bisa duwatsu. Wanda ya zame ya faɗa, ko gawarsa ba za a gani ba. Arteaga da saje suka tuɓe takalma suka wuce a tsaye, suna kama itacen da yatsun ƙafa. Shi kuwa babban malamin jami'a sai ya durƙusa, ya haye da rarrafe kaɗan kaɗan. Daga nan suka kama hawan dutse, wajen ƙafa 2,000. Ƙasa da santsi, ga zafi, ga tsoron macizai. Wani wuri sai sun kama saiwa da ciyawa su ja jikinsu sama.

Rana ta ɗan gota tsaka suka iso wata bukka, a gajiye liƙis. Ashe akwai mutane zaune a can bisa dutsen. Manoma ne, Richarte da Alvarez, da iyalansu. Sun share waɗansu tsofaffin gonakin Inka suna noman masara da dankali da rake. Suka yi wa baƙi maraba, suka kawo musu ruwan sanyi cikin ƙwarya da dafaffen dankali. Arteaga ya zauna hira da su, gama shi ya sha ganin gine-ginen. Aka ce da wani yaro na gidan, mai suna Pablito, ya raka baƙo.

Yaro ya wuce gaba, Bingham da saje suna biye. Da suka kewaya wani ƙugun dutse sai ga gonaki jere bisa jere, kowace da bangon dutse wanda ya fi tsayin mutum. Suka kutsa cikin gora da sarƙaƙiya, sai ga bangayen ɗakuna. Yaron ya san kowane lungu, gama nan ne wurin wasansa. Ya kai shi wani kogo da aka sassaƙe cikinsa sumul, da wani gini mai zagaye a bisansa. Ya hau da shi matakala zuwa wani fili inda ɗakunan ibada biyu suke, ɗaya da manyan tagogi uku masu duban kwari. An gina su da farin dutse, waɗansu tubalan sun fi mutum girma. Ba laka ba siminti a tsakaninsu, amma an daidaita su har bakin wuƙa ba ya shiga. Bingham ya yi ta ɗaukar hoto, yana tsai da saje da yaron a jikin bango domin a gane girmansa.

A bangon ɗakin nan mai tagogi uku ya ga an rubuta wani suna da gawayi, Lizarraga, da shekara ta 1902. Wani manomi ne na kwarin, Agustin Lizarraga, wanda ya riga shi zuwa da shekara tara. Bingham ya rubuta cikin littafinsa na tafiya cewa mutumin nan ne ya gano wurin. Amma da sunansa ya ɗaukaka, sai ya riƙa rage ambaton Lizarraga cikin littattafansa.

Kashegari ya ci gaba da neman Bilkabamba. Cikin watan Agusta ya kai wani kufai cikin kurmi mai zafi, Espiritu Pampa. Ya ga 'yan gine-gine kaɗan, ya raina wurin, ya juyo. Cikin 1912 ya komo Macu Picu, aka yi watanni ana sarar daji ana haƙa. Gari ya fito fili: gine-gine wajen 200, da matakalai, da magudanar da ke kawo ruwan marmaro zuwa wuraren ɗiba goma sha shida. Cikin watan Afrilu na 1913 mujallar National Geographic ta ba da fitowarta guda ɗungum ga labarin, da hotuna fiye da 200. Nan da nan sunan Macu Picu ya game duniya. Cikin 1915 kuma mutanen ƙasar suka bi da shi tsohuwar hanyar Inka da ta biyo ta kan duwatsu zuwa garin.

Bingham ya tsaya a kan cewa Macu Picu ita ce Bilkabamba, har ya mutu bai sake ra'ayi ba. Cikin 1964 wani matafiyi, Gene Savoy, ya share Espiritu Pampa, aka ga ashe babban gari ne daji ya haɗiye. Wurin da Bingham ya raina, shi ne abin da ya fito nema. Macu Picu kuwa masana sun gane gidan hutun Sarki Pacakuti ne, an gina shi wajen shekara ta 1450, aka kuma watse daga cikinsa a zamanin zuwan Turawan Sifen.

Akwai kuma maganar kayan da ya haƙo, tukwane da ƙasusuwa da kayan ado, dubbai. Peru ta yarda a kai su Yale aro domin bincike, amma suka daɗe can kusan shekara ɗari. Mutanen Peru ba su daina bin hakkinsu ba, har aka shirya cikin 2010. Kafin ƙarshen 2012 an mai da su Kusko. Kayan aro dai ba ya zama na mai aro.

Bayan 1915 Bingham ya bar yawon duwatsu. Ya koyi tuƙin jirgin sama, ya shugabanci makarantar matuƙa a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Ya shiga siyasa, aka zaɓe shi gwamnan Jihar Connecticut, amma kwana ɗaya tak ya yi bisa kujerar, domin an kuma zaɓe shi ɗan Majalisar Dattawa. Ya zauna majalisa har 1933. Cikin 1948 ya sake zuwa Peru, aka buɗe hanyar mota mai hawa zuwa kufan, aka sa mata sunansa. Ya mutu a Washington ran 6 ga watan Yuni, 1956, yana da shekara tamanin. Ya bar 'ya'ya bakwai, duka maza.

Yau mutane daga ko'ina cikin duniya suna bin tsohuwar hanyar nan da ƙafa. Tafiyar yini huɗu ce, wajen mil 26, ana kwana cikin tanti. A yini na biyu akan hau wata mashiga mai tsawon ƙafa kusan 14,000, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. Ran na huɗu akan yi asubanci domin a isa Ƙofar Rana, a hangi garin a ƙasa sa'ad da hazo ke washewa. Doka ta hana baƙo bin hanyar sai tare da jagora. 'Yan dakon da ke ɗauke da tantuna da abinci kuwa yawancinsu mutanen ƙauyukan duwatsun ne, masu magana da Kecuwa.

Bingham ya cancanci yabo saboda naci da ƙarfin hali, da kuma yadda ya auna, ya rubuta, ya sanar. Amma duk wanda ya ambace shi, ya kamata ya ambaci Lizarraga, da Arteaga, da yaron nan Pablito. Baƙo ko yana da ido makaho ne, sai ɗan gari ya riƙe masa sanda.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Bingham, kuma wace sana'a ya fara yi?
2. Wane gari ya fito nema cikin 1911? Ya gane shi sa'ad da ya gan shi?
3. Ku faɗi yadda mutanen nan uku suka haye Kogin Urubamba.
4. Sunan wa Bingham ya gani a jikin bango, kuma me wannan ya nuna?
5. Don me aka mai da kayan Macu Picu ƙasar Peru?