Likita Mila Da Littafin Da Ya Kamata Ka Fara Karantawa

Ya kai mai karatu, ko a Talata Mafara kake, ko Bakura, ko Maradun, idan ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, ko kuwa har yanzu kana bakin ƙofa kana bincike, lalle wata tambaya za ta zo maka. Wane littafi za ka karanta domin ka iya addu'a, ka san Allah, ka kuma san abin da za ka faɗa wa ɗan'uwanka ran da baƙin ciki ya same shi? Amsar tana cikin labarin wani bawan Allah, Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da suna Likita Mila.

An haife shi a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar masu bishara da ake kira CMS. Tun bai taka ƙasar Hausa ba ya gane ba a shiga zuciyar mutum sai ta ƙofar harshensa. Saboda haka ya tafi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa suke sauka, ya zauna yana koyon Hausa daga bakinsu. Can ya gamu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda ya zama kamar ɗansa, ya kuma taimake shi ƙwarai wajen koyon harshen.

Cikin 1900 ya taso daga Ikko tare da Bishop Tugwell da waɗansu mutum uku, suka bi ta Zariya har suka kai Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka koma kudu suka sauka a Girku, can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Likita Mila kansa ya sha ciwo har aka mai da shi gida. Wani da ya ga haka sai ya ce ƙofa ta rufe, ya nemi wani aiki. Amma shi da ya sami sauƙi sai ya komo, cikin 1905 kuwa ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara. Cikin 1929 aka ƙaura da aikin zuwa Wusasa. Daga cikin yaran makarantarsa aka sami Likita Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Malam John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Amma babban aikinsa shi ne juya Maganar Allah zuwa Hausa. Ba shi ya fara ba, gama wani Bajamushe mai suna Schön ya riga ya fitar da Sabon Alkawari cikin 1880, sai dai shi bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Hausarsa kuwa ta yi wa mutane nauyi. Likita Mila ya ɗauki aikin tare da Hausawa masu bi da ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyin bishara. Aiki ne na haƙuri, gama kalma ɗaya idan ta karkace takan ɓad da mai karatu. Sai cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, watau shekara 32 bayan da aka sallame su daga Kano. Mutum ne mai tsayawa kan ra'ayinsa, ya sha saɓani da Turawan mulki da sarakuna, gama shi ma ɗan Adam ne, tara yake bai cika goma ba. Bai yi aure ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952. Daga baya an sake fassarar cikin 1979, amma harsashin da ya kafa yana nan.

To, ka ga tsadar littafin da ke hannunka. Kada ka bar shi cikin akwati ƙura ta rufe shi. Shi ne farkon karatunka, a cikinsa kuwa akwai amsar tambayarka duka.

Idan ibada kake so ka koya, buɗe Zabura kowace safiya kafin ka fita gona ko kasuwa. A can za ka ga yadda bayin Allah suka yi kuka, suka tuba, suka yi godiya, har bakinka ya saba da addu'a. Idan sanin Allah kake nema, fara da Bisharar Markus, gama gajeriya ce, sa'an nan ta Yohanna. Bayan ƙafarka ta yi ƙarfi ka shiga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wadda ta bayyana zunubi da alheri da bangaskiya bi da bi. Idan kuwa an zo maka da damuwa, ko rigimar gida, ko mutuwa, ko tsoron dare a wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, littafin Ayuba zai koya maka zama da mai makoki ba tare da yawan magana ba, Karin Magana zai koya maka tsare harshe, wasiƙun Timoti da Titus kuma za su nuna maka halin da ya dace da mai kiwon jama'a.

Akwai waɗansu littattafai masu amfani, kamar na John Bunyan a kan tafiyar mai bi daga wannan duniya zuwa ta gobe, wanda aka buga a Ingila cikin 1678, da littafin waƙoƙin ikilisiyarku. Amma kowane littafi ka auna shi da Littafi Mai Tsarki. Wanda ya yi maka alkawarin dukiya ba wahala, ko ya cusa maka ƙin maƙwabcinka, ajiye shi, ka kai wa fasto ko mai bishara ya duba. Idan ba ka iya karatu ba tukuna, kada ka ji kunya, nemi wani ya riƙa karanta maka, kai kuma ka shiga koyo.

Ka dubi manomin shinkafa a Bakolori. Ba ya malala wa gonarsa ruwan shekara rana ɗaya, sai dai kaɗan kaɗan a kan kari. Haka karatun nan yake: sura ɗaya kullum da natsuwa ta fi sura ashirin ran Lahadi da gaggawa. Karatun kuma a ga amfaninsa cikin halinka. Kana zaune cikin 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi, idonsu yana kanka. Ka ƙara girmama iyayenka, ka cika mudu, ka biya bashi, ka guji gardama. Likita Mila ya juya Maganar zuwa harshenka, saura kai ka juya ta zuwa aiki. Allah ya ba ka naciya, ya buɗe maka abin da kake karantawa. Amin.